PS5 Pro: dala 700 kuma babu wurin saka faifai?

Zauren Matasan Gari. Talata, 10 ga Satumba, 2024

Nazifi: Salamu alaikum jama'a. Duk mai data ya leƙa YouTube yanzu. Kamfanin Sony ya fito da sabuwar na'urar wasan gem ta PlayStation, PS5 Pro. Ƙarfe huɗu suka fara bayanin, kusan daidai tashin wasanmu da Ruwanda, minti tara kacal mutumin ya yi ya gama. Ran 7 ga Nuwamba za ta shiga kasuwa. Yaya Sani, fito, wannan maganar taka ce.

Shamsu Ɗan Madrid: Gara wannan labarin da abin da muka kalla yau. Minti casa'in babu ci ko ɗaya, ga kuɗin kallo na biya.

Sani Mai Gem: Wa alaikumus salam. Ina shago, yara sun cika. Abu ɗaya nake so in ji. Nawa?

Nazifi: Bari ka ji abin da ke cikinta tukuna.

Sani Mai Gem: In ka tambayi dillali kuɗin sa a Gujungu ya ce maka "dubi ƙirjinsa tukuna", ka san kuɗin ba na daɗi ba ne. Nawa?

Nazifi: Dala 699 da ɗigo 99.

Gambo Barsa: Inna lillahi.

Nazifi: A Ingila fam 699.99, ƙasashen Turai masu yuro 799.99. Su kansu mutanen Japan, gidan da aka haife ta, yen 119,980 za su biya.

Injiniya Idi: Ƙanena ka ɓoye rabin labarin. Faɗa masa babu wurin saka faifai. In kana so, na'urar faifan daban ake sayarwa, dala 80. Ƙafar da za ka kafa ta a tsaye ma daban, dala 30. Wato an sayar maka da babur, an ce kariya da jak ka saya a gaba.

Sani Mai Gem: Idi, dala nawa take a Wapa yau?

Injiniya Idi: Ta haura 1,600 da ɗan abin da ya sawwaƙa. Ka lissafa a 1,600 don sauƙi.

Sani Mai Gem: To 700 sau 1,600, miliyan ɗaya da dubu ɗari da ashirin. In an haɗa da abin faifai, miliyan ɗaya da dubu 248. Ba a zo maganar kuɗin jirgi ba, ba a zo ta kwastan ba, ba a zo ta ribar mai shago a Legas da ta mai shago a Kano ba. Ni kuma PS4 naira 200 ake buga wasa ɗaya a wurina. Sai an buga wasa 6,240 kafin uwar kuɗi ta dawo, shi ma in inji da ruwan rijiya yake tashi. Nazifi, wannan ba tawa ba ce. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma yau dalar ma biyu ce.

Gambo Barsa: 😂 Oga Sani ka gama magana.

Malam Habu: Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli naira dubu 70 ne. Ku raba miliyan ɗaya da dubu ɗari da ashirin da shi, ku ga. Wata goma sha shida cif, ba ci ba sha. Don abin wasan yara.

Nazifi: Baffa, barka da yamma. Ai ba don yara aka yi ta ba. Ku dai bari in faɗi abin da na gani, sai a yanke hukunci.

Wanda ya yi bayanin sunansa Mark Cerny, shi ne ya jagoranci tsara PS4 da PS5. Ya ce matsalar PS5 ta yanzu ita ce dole ka zaɓi ɗaya cikin biyu a yawancin wasanni. Ko hoto ya fito tas amma motsi ya yi nauyi, hoto 30 a daƙiƙa, ko motsi ya yi sulɓi, hoto 60 a daƙiƙa, amma kyan hoton ya ragu. Ya ce kashi uku cikin huɗu na lokaci mutane sulɓin suke zaɓa. To wannan sabuwar so ake ta haɗa maka duka biyun. An ƙara girman ɓangaren da ke zana hoto, sun ce saurin zanen zai iya ƙaruwa da kashi 45 cikin ɗari. An inganta yadda haske da inuwa ke faɗuwa, har ka ga mota a jikin fentin wata motar. Sannan akwai wata dabara da suka kira PSSR, na'urar ta zana hoton a ƙarami, ƙirƙirarriyar basira ta cike sauran ya fito kamar 4K. Ma'ajiyarta terabayit 2, ninki biyu na PS5 siririya. Wallahi da aka nuna Spider-Man 2 sai da tsigar jikina ta tashi.

Shamsu Ɗan Madrid: Yaya Nazifi ni fa na kalla yanzu. Sun ajiye hoto biyu gefe da gefe, wai tsohuwa da sabuwa. Na duba, na sake dubawa, ban ga bambanci ba.

Nazifi: A nawa ka kalla?

Shamsu Ɗan Madrid: 360. Sabis sanda biyu ne a bayan makaranta.

Nazifi: To ka ji.

Injiniya Idi: Kar ka yi wa yaro dariya. Turawan da suka kalla da intanet mai ƙarfi ma abin da suke ta faɗa kenan, sai da aka zuƙo hoton kusa kafin a nuna musu ganyen bishiya da mutanen da ke can nesa. Ka shiga ka karanta abin da ake rubutawa a ƙarƙashin bidiyon, rabi duk zagin farashi ne. In sai an zuƙo kafin ka ga abin da ka biya wa dala 200 ƙari a kan mai faifai ta dala 500, akwai magana.

Kuma tambayi Sani inci nawa ne talabijin ɗinsa.

Sani Mai Gem: 32. Guda uku. Ɗaya ma akwai layi kore a gefe tun da yaron nan na gidan Sarkin Fawa ya jefa hannun gem da aka ci shi a minti na 90.

Auwalu Jidda: Salamu alaikum mutanen gida. Yanzu na tashi daga aiki na tarar da saƙo ya fi hamsin. Ni ina bayan Nazifi a abu ɗaya: ba a tilasta wa kowa ba. Duk wasan da zai hau Pro zai hau PS5 ta yau da kullum. Babu wasan da aka ce nata ne ita kaɗai. Mai kuɗi ya saya, marar kuɗi ya ci gaba da abin da yake da shi. Ina abin faɗa?

Nazifi: Allah ya biya ka Yaya Auwalu. Kuma an taɓa yin haka. A 2006 da suka ce PS3 dala 599, duniya ta yi ca, aka yi ta yi musu ba'a. Dala 599 ta wancan lokacin ta fi 700 ta yau daraja. Ga shi PS3 ɗin nan ita ce ke ciyar da Yaya Sani yanzu.

Sani Mai Gem: Yawwa, ka kawo ni inda nake so. Ku ba ni minti biyar in sallami yaran nan a yi Magariba, zan dawo in yi bayani.

Kabiru Admin: Kafin a ci gaba, a saka 'yan'uwanmu na Maiduguri a addu'a. Madatsar Alau ta ɓalle cikin dare, ruwa ya shiga gari, hotunan da ke fitowa babu kyan gani. Mu da ke bakin kogin Haɗeja mun san abin da ruwa yake yi.

Malam Habu: Allah ya kawo musu ɗauki, ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Yaya Zulai: Amin ya Rabbi.

Sani Mai Gem: Amin. To na dawo.

Nazifi, ni ban damu da kuɗin ba kamar yadda kuke zato, don ko dala 400 suka ce ba saya zan yi ba. Ban taɓa sayen sabuwar na'ura a kwali ba, kuma ban san mai shagon gem a ƙauye da ya taɓa ba. Mu ragowa muke ci. PS2 ta fito a 2000, ni sai 2009 na sayi tawa, 'yar kwatano, da kuɗin riɗin da na noma a gonar Baba. PS3 ta fito 2006, ta shigo shagona 2016. PS4 ta fito 2013, na same ta 2022, kuma har yau ita ce amarya. Ka ga shekara tara zuwa goma ke tsakaninmu da su. Wato abin da aka sanar yau, in da rai da lafiya, wajen 2033 zai iso bakin kasuwarmu a bayan Sharon, an naɗe shi da tsohon bargo.

To ranar da ya iso, me zan saka a ciki?

Lokacin PS2, mutumin da na saya a wurinsa a Sabon Gari ya haɗo mini da faifai bakwai a leda. Na dawo gida, na tada inji, kafin Isha'i layi ya kai ƙofar masallaci. Faifai abu ne da kake riƙewa a hannu. Na ara wa mai shagon Ringim God of War, ya ba ni Mortal Kombat, bayan wata biyu muka mayar wa juna. In ya karce a goge da man goge baki, wani lokacin ya tashi. In na gaji da shi in sayar, in cika in sayi wani. Bature ya saya dala 60, ya buga ya ƙoshi, ya sayar, ya bi hannu biyar, ya zo gare ni a kuɗin da zan iya. Haka abin yake gangarowa har ya iso mu.

Na'urar da babu faifai, wasannin a asusun mai ita suke. Ranar da zai sayar, ya cire asusunsa, ya goge komai. Ta iso nan fayau, kamar rumbu a watan Yuli. Wasan da ya saya ba zai iya sayar da shi ba, ba zai iya ba da aro ba yadda muke yi, ba zai gangaro ba. Sai dai in je kantinsu na intanet in biya dala 70 da kaina, naira dubu 112 a lissafin yau, in kuma sauko da giga hamsin ko ɗari da sabis ɗin da Shamsu yake hawa katanga kafin ya samu. Wannan shi ne abin da ya tsaya mini a rai. Ba tsadar ba. Bututun da ruwa ke biyowa zuwa gare mu suke toshewa a hankali.

Gambo Barsa: Kai, Oga Sani yau ka zama malamin jami'a.

Auwalu Jidda: Amma Sani, tsakani da Allah. Yaushe rabonka da saka faifai a PS3 ɗinka? Duk wanda ya san shagon gem ya san lodi ake yi muku a ciki. Kar ka zo kana yi mana kukan faifai alhali wasa arba'in ne a cikin na'urarka ba ka sayi ko ɗaya ba.

Shamsu Ɗan Madrid: An kama Oga 😂

Sani Mai Gem: Ban musa ba. Idi ne ma ya yi mini, ga shi nan.

Injiniya Idi: Ni kar a saka ni a bakin duniya. Amma tunda an kira suna, bari in faɗi yadda abin yake, don Auwalu ya yi gaskiya rabi.

PS2 da PS3 an daɗe da buɗe su, wato karya tsaronsu don su karɓi wasan da ba a saya ba, wannan kowa ya sani. PS4 ma ana buɗe wadda manhajarta ba ta wuce 9.00 ba, bana kuma aka samu hanyar 11.00. Shi ya sa in mutum ya zo saye, kafin ya tambayi lafiyarta sai ya tambayi lambar manhajarta, kuma wadda ba a sabunta ba ta fi tsada. To amma duk tsara sai ta fi ta baya wuyar buɗewa, kuma da zarar an buɗe wata lamba, sababbin wasanni sun riga sun wuce ta. PS5 yanzu duk wanda nake gani da ita a Kano, ko faifai yake saye da musaya, ko asusu. Masu gidajen gem na cikin birni faifan wasan ƙwallo na FC ɗaya suke saye, in sabo ya fito su kai tsohon su yi ciko. Saboda haka maganar Sani tana nan. Kar wanda ya ɗora kasuwancinsa a kan wai wata rana wani yaro a Turai zai buɗe masa na'ura.

Wani abin da ba a faɗa ba: ita na'urar faifan da ake saya daban, ranar farko sai an haɗa ta da intanet ta yi rajista da uwar na'urar kafin ta yi aiki. Yau ba matsala ba ce. Shekara goma nan gaba fa? A 2021 sun ce za su rufe kantin PS3, sai da mutane suka yi ta ihu suka janye. Ranar da ba a yi ihun ba fa?

Sannan Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ke da kantin PlayStation nasu. In za ka buɗe asusu sai ka ce kai mutumin Amurka ne ko Ingila ko Afirka ta Kudu, ka ƙirƙiro adireshi, ka sayi katin kuɗi a hannun 'yan tsakiya su ɗora nasu. Ni a asusuna mazaunin wani gari ne da ban san yadda ake faɗin sunansa ba.

Nazifi: Wannan gaskiya ne. Ni ma a nawa ɗan Landan ne.

Malam Habu: Wato ƙarya ma sai an yi kafin a fara wasan.

Nazifi: Baffa ai larura ce.

Malam Habu: Larura ita ce ciwon ciki da tsakar dare, ɗana.

Yaya Zulai: Ni tun ɗazu nake karantawa ina jiran a zo inda ya shafe ni, na ga ba za a zo ba. Sani, ko dala miliyan ce ba ruwana. Ranar Asabar na aiki Abba ya kai wa Inna kuɗin awara, naira 600. Aka yi La'asar babu shi, Malamin Islamiyya ya aiko ba a gan shi ba. Na saka hijabi na nufo shagonka. Tun daga bakin rijiya nake jin ihu. Na ɗaga labulen buhun nan naka, zafi ya buge ni kamar gidan burodi, warin fetur da zufa, yara sun fi ashirin a kan benci biyu. Ga ɗana a gaba, da kayan Islamiyya a jikinsa, ya cusa jakar littattafai a ƙarƙashin benci, harshe a waje, yana danna abin nan kamar zai ɓalla shi. Na kira sunansa sau uku bai ji ba. Sai da na kama kunnen. Naira 200 ta rage a aljihu.

To ku da kuke maganar hoto ya ƙara kyau, in wannan mai layi kore a gefe ta hana shi jin muryar uwarsa, wadda ta fi ta kyau sai ta hana shi sanin sunansa.

Sani Mai Gem: Yaya, ki yi haƙuri. Wallahi ranar na tafi Gujungu neman mai tun rana, yaron shago na bari. Dokata kowa ya sani: mai kayan makaranta ba ya shiga, ana kiran salla ina kashewa. Na yi masa faɗa, kuma 400 ɗin Inna ni zan kai mata da kaina.

Yaya Zulai: Ka kai mata, ka kuma rubuta dokar a ƙofa da manyan baƙi, ba a bakinka kawai ba.

Sani Mai Gem: An gama, Yaya.

Malam Habu: Tunda Zulai ta buɗe ƙofar, bari in shiga. Ni ban ce wasa haramun ba ne. Abin da nake so Sani ya duba shi ne tsarin nan na "wanda aka ci shi zai biya". Yara biyu sun zauna, kowa na fatan ɗan'uwansa ne zai fitar da kuɗi. Malamai da yawa suna ganin wannan ya shiga iyakar caca, tunda kowannensu tsakanin riba da asara yake. Kuma ko ba a je ga hukunci ba, duk faɗan da ake yi a shagon nan daga nan yake tashi. Kowa ya ajiye ɗarinsa kafin a fara, a buga don nishaɗi, ba shi kenan ba?

Gambo Barsa: Malam, Allah ya gafarta, in aka cire wannan ai gishirin ya fita. Shamsu ba zai ƙara zuwa ba, don da kuɗina yake buga wasa tun azumi.

Shamsu Ɗan Madrid: Ka koyi tsaron gida mana.

Sani Mai Gem: Malam, maganarka abin dubawa ce. Ni kuɗina ɗaya ne ko wa ya biya. Zan gwada daga gobe in ga ko za su yarda.

Auwalu Jidda: Malam kar fa a manta, an ce a zamaninku babu mai zama gabanka a dara a gindin tsamiyar kasuwa. Har daga Taura ake zuwa.

Malam Habu: Wa ya faɗa maka? To ko an yi, dara rami talatin ce a ƙasa, da tsinke da tsakuwa. Ba ta shan fetur, ba a sabunta ta, kuma tun kakanni ba a fito da Dara Pro ba.

Nazifi: 😂😂 Baffa ya kashe mu.

Injiniya Idi: Maganar fetur da Malam ya yi ba wasa ba ce. Makon jiya aka ƙara kuɗin mai, gidajen man gwamnati suka koma wajen 900, a ƙauye wurin 'yan bumburutu ya haura dubu. PS5 in tana cikin wasa wajen wat 200 take ja, ban da talabijin. PS2 siririya ba ta kai 50 ba. Mai sola da batir biyu zai kwana yana buga PS2, amma ya jona PS5 da babban talabijin ya ga yadda inbata za ta fara kuka kafin goma na dare.

Ga ƙura. Watan jiya aka kawo mini PS4 daga wajen Gumel, wai tana ƙara kamar injin markaɗe tana mutuwa. Na kwance. Fankar ta yi tabarma da ƙura, ka rantse auduga aka cusa, ga ƙwan kyankyaso a jikin akwatin wuta, ga wata busasshiyar tsaka a kwance kamar ta biya haya. Wannan na share, na canza man da ke kan ƙwaƙwalwar, ta tashi. PS5 kuwa ba irin wannan man ba ne a cikinta, ruwan ƙarfe ne. In wanda bai iya ba ya buɗe, ɗigo ɗaya ya zuba a kan allon, an gama. Ka kai wannan ɗakin kwano a watan Afrilu, zafi ya haura 40, sannan hunturu ya zo da nasa.

Hannu ma fa. Na PS5 sun ƙara masa dala biyar a makon nan, ya koma 75. Kuma hannun PS4 ba ya buga wasan PS5. Sani hannu nawa yaranka suke kashewa a shekara?

Sani Mai Gem: Kar ka tuna mini. Maɓallin gudu da na shot, wata biyu sun lotsa. Wani yaron in zai buga shot har tashi yake tsaye, kamar da ƙarfin yatsa ƙwallon ke shiga.

Nazifi: To na ji duka. Amma ku bar ni da guda ɗaya. In masu kuɗi suka sayi Pro, za su zubar da PS5 ɗinsu. Masu PS4 su haura PS5, PS4 ta yi arha, ta gangaro ƙauye. Ko ba mu saya ba, za mu ci albarkacinta. Balle in GTA 6 ya fito baɗi kamar yadda suka ce, kowa zai so sabuwa.

Injiniya Idi: Da haka ake yi, lokacin da naira ke tsaye. Kafin a cire tallafi bara dala ba ta kai 800 ba a kasuwar bayan fage, yau ta ninka. Na'urar tana arha a dala, tana tsada a naira. PS4 ɗin da na sayar wa Sani a 2022, yau in zai sayar da ita bayan duk dukan da ta sha, sai ya ci riba a lissafin naira. Ka taɓa ganin kayan wuta na tsufa kuɗinsa na hawa? Sai a nan.

Sani Mai Gem: Kuma ka san wani abu, Nazifi? Yaran nan ba hoto suke saye ba. Kashi tara cikin goma ƙwallo suke bugawa. Abin da suke tambaya ɗaya ne: "Oga, Mbappe ya koma Madrid a naka?" PES an daina yi wa PS2 tun na 2014, PS3 ta tsaya a PES 2018 da FIFA 19, amma masu gyaran 'yan wasa ba su daina ba. Duk kaka sai an fito da sabon zubi, sababbin riguna, sababbin 'yan wasa a tsohon wasa. Fuskar ba ta yi kama da shi ba, kai kamar tulu, amma sunan yana sama, gudun yana nan, yaro ya biya naira 50 ya tafi yana murna. Wannan makon ma cewa suke in saka musu Osimhen a Galatasaray.

FC 25 zai fito ran 27 ga wata, kuma zai hau PS4. Ranar da suka ce sun daina yi wa PS4, ranar ce za ka ga hankalina ya tashi, ba yau ba.

Shamsu Ɗan Madrid: Bellingham ne a bangon, ku shaida.

Gambo Barsa: Bango ba ya cin ƙwallo.

Auwalu Jidda: Sani, na karɓi maganarka ta faifai, ban taɓa kallonta ta nan ba. A nan akwai shagunan da ke sayen tsofaffin faifai suna sayarwa, kuma na lura kantar tasu tana raguwa. In na samu na PS4 masu sauƙi zan tara maka, in wani zai taho gida in ba shi.

Sani Mai Gem: Allah ya saka da alheri. Ƙwallo da dambe da tseren mota. Kar ka sayo mai dogon labari da Turanci, babu mai zama.

Nazifi: Ni dai duk abin da za ku ce, ran 7 ga Nuwamba ina Kano. Ko ta bayan gilashi ne sai na gan ta da idona.

Malam Habu: 7 ga Nuwamba wace rana ce?

Nazifi: Alhamis, Baffa.

Malam Habu: Madalla, kasuwar Maigatari. Za ka raka ni in sayar da raguna biyu in biya maka kuɗin makaranta. In mun dawo ka kalle ta a waya.

Nazifi: To Baffa.

Yaya Zulai: Sani, ƙarfe tara ta wuce. Abba yana wurinka?

Sani Mai Gem: Ba ya ciki, Yaya. Yana waje ta taga yana leƙe, na kore shi sau biyu.

Yaya Zulai: Riƙe mini shi, ga ni nan.

Sani Mai Gem: Idi, kafin in manta, robar maɓalli guda shida da wayar caji biyu. Ka ba direban Gujungu ran Lahadi, zan tura maka kuɗin in sabis ya dawo.